Yadda Na Ƙirga Mutanen Tsibiran Shantu

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, ya kuma bar wasu gutsattsarinta a tsakiyar ruwan domin jarraba masu ƙafa da masu baki. Ku gyara zama, ya ku masu sauraro. Ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin birnin Rimin Kaka a ƙasar Tudun Fari, inda ruwa mafi girma da muka sani shi ne kududdufin marina. Zan ba ku labarin tafiyata zuwa Tsibiran Shantu, da abin da ya kai ni, da abin da na tarar.

Ina da shekara arba'in da biyu na rubuta littafin da ya fitar da sunana, na kira shi Tabarmar Duniya. A cikinsa na bayyana ƙasa talatin da uku, da duwatsunsu da kogunansu, da yawan jama'arsu, da abin da ya kamata baƙo ya gani in ya je. Abin da ban rubuta ba shi ne, duk ƙasashen nan a zaurena na zaga su, ina zaune a kan buzu. Fatake ke sauka gidanmu, in ba su fura, su ba ni labari. Inda labarin ya yi rami sai in cike da abin da ya zo bakin alƙalami.

Babin Tsibiran Shantu kuwa daga bakin wani mai sayar da busasshen kifi na samo shi, mutumin da bai daɗe a zauren ba fiye da tsakanin azahar da la'asar. Abin da ya faɗa bai cika rabin shafi ba, ni kuwa na cika shafi tara. Na rubuta cewa tsibiran bakwai ne, mutanensu dubu goma sha biyu, kuma don lafiyar iskarsu ba a taɓa jin ɗayansu ya yi tari ba. Na ba su dutsen da ke tokare da gajimare, da kunkurun da ake cin kasuwa a bayansa, da wata rijiya mai zaƙin zuma wadda ruwanta ke wanke ciwon ido. Masu kwafe littattafai suka yi ta kwafewa, littafin ya tafi inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba.

Ina da yaya mace, sunanta Delu, ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fara dukana saboda ƙarya tun ban iya ɗaura wando ba. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse gidajen aure, sai ta dawo gidana. A nan yanar ido ta fara rufe mata gani, kaɗan-kaɗan, har ya zama rana da inuwa kawai take bambancewa.

Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar ta ɗaure kayanta a cikin zane.

Na ce, "Yaya, ina zuwa haka?"

Ta ce, "Inda ka je. Jiya matar liman ta karanta mini babin nan na rijiya. Shekara uku ina lalube a gidanka, ashe kana da magani a aljihu ka yi shiru. Tashi ka ɗaura wa jaki kaya."

"Yaya, wurin da nisa."

"Ai ka san hanya."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na hango almajiran ilmina guda biyu, manya masu gemu, sun tsaya a ƙofa suna jiran darasi, kunnuwansu a buɗe. Na rufe bakin. Kafin sati ya zagayo muna cikin ayarin fataken gishiri, ni a ƙasa, Yaya a kan jaki.

Kwana arba'in muka yi. Muka ratsa Dajin Kurame, inda ko guguwa ta taso ganye ba ya ƙara. Muka ƙetare Kogin Baya-baya, wanda rabin shekara yake gangara, rabin shekara yake hawa tudu. Duk inda muka sauka sai Yaya ta ce wa mutane, "Ku tambayi ƙanena, ya san ko'ina," ni kuwa in yi kamar barci ya ɗauke ni. Rana ta arba'in da hantsi muka hau wani tudun yashi, na ga abin da ya tsayar da ni cak. Ruwa ne ba iyaka, yana tasowa yana faɗuwa kamar ana gyara shimfiɗa.

Yaya ta ce, "Me ya sa ka tsaya? Mene ne wannan mai huci?"

Na ce, "Teku ce."

"Ta canza daga yadda ka bar ta?"

Na ce, "Ta ɗan ƙaru."

A bakin gaɓa aka haɗa mu da mai jirgin da ke kai baƙi tsibiran. Mace ce, sunanta Tabawa, gajera, mai dantse kamar taɓarya, haƙorinta ɗaya na gaba ya tafi ya bar mata ƙofar dariya. Ta tambayi sunana. Wani abu a ƙirjina ya ce in yi hattara, na ce sunana Malam Tanko. Yaya ta yi gyaran murya.

Da jirgi ya rabu da gaɓa, cikina ya rabu da ni. Na rungume gefen jirgin ina mayar wa teku da duk abin da na ci tun jiya. Yaya kuwa tana zaune daram, iska na kaɗa mayafinta, tana ta hira da Tabawa kamar tare suka tashi.

Tabawa ta ce, "Ku ma littafin nan ne ya kawo ku, ko? Kowa shi ke kawo shi. Ban iya karatu ba, amma baƙi sun karanta mini shi har na haddace." Ta ɗaga murya irin ta masu wa'azi. "Tsibirai bakwai, jere kamar haƙoran amarya! Malam, ɗago kanka ka ƙirga."

Na ɗago da ƙyar. Guda uku na gani: wani dogo mai kama da shantu a kwance, wani ƙarami irinsa a gefensa, da wani ɗan dunƙule can nesa.

Ta ce, "Babban Shantu, Ƙaramin Shantu, da Marfi. Uku ne in ruwa ya cika. In ya janye kuwa, hanyar yashi na fitowa tsakaninsu, su zama ɗaya, ka taka da ƙafarka. Sau biyu kullum muke haɗuwa mu rabu. Amma bakwai, ko a mafarki ba mu taɓa kaiwa ba."

Yaya ta ce, "To shi mai littafin, in ya zo fa?"

"Allah ya kawo shi lafiya," in ji Tabawa, ta danna filafili cikin ruwa. "Akwai tulu a ƙofar Sarkin Ruwa, cike da ruwan rijiyar zumar nan. Shekara shida ana ajiye masa. Sai ya shanye tas kafin a fara magana."

Na mayar da kaina gefen jirgi.

Washegari Tabawa ta zaga da mu Babban Shantu. Tsibiri ne na masunta da masu dafa gishiri, bukkokinsu na ciyawa a kan dogayen turaku, awaki na kwance a ƙarƙashi. Tsawonsa tafiyar wuni guda, faɗinsa kuwa in ka yi kira da ƙarfi a wannan gaɓa za a amsa maka daga waccan. Ta fara kai mu dutsen da ke tokare da gajimare. Wani tudu ne da akuya ke hawa ba ta tsaya hutawa ba.

Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Faɗa mini abin da kake gani."

Na ce, "Dutse ne... mai tsawo."

"Ya kai gajimare?"

Tabawa ta ce, "Yana kaiwa, Yaya, ranar da gajimaren ya sauko shan ruwa."

Daga nan sai kunkuru. Mutanen tsibirin, da suka gaji da baƙi masu fushi, sun samo wani faffaɗan dutse a bakin ruwa, suka sassaƙa masa kai da ƙafafu, suka zaunar da wata tsohuwa a bayansa tana sayar da soyayyen kifi. Ita ce kasuwar. Wasu baƙi uku daga wata ƙasa mai nisa suna tsaye suna jiran ya motsa. Tsohuwar ta ce musu barci yake, bara ma bai farka ba.

Na so in yi dariya, amma na san inda za mu je na gaba.

Rijiyar na can ƙarshen tsibirin, a gindin wata bishiyar da iska ta tanƙwara. Tabawa ta zura guga ta jawo. Na ɗanɗana. Gishiri ne da ɗaci, da wani ɗan wari kamar na tsohon taru. Yaya ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta kamfata da hannu biyu ta wanke idanunta sau uku. Ta daɗe da ido a rufe, ruwa na gangarowa ta haɓarta. Sa'an nan ta buɗe a hankali, ta juya fuska wajen rana, ta juyo wajena.

Na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Yadda suke."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ban taɓa zuwa nan ba. Ban taɓa zuwa ko'ina ba. Rijiyar nan ni na zuba mata zuma da alƙalami."

Ta goge fuska da bakin mayafi. "Nomau, ni za ka gaya wa? Ni da na san ko kududdufin marina ba ka taɓa zagayawa ba sai ka riƙe bango? Tun ranar da aka karanta mini na san naka ne, irin wanda kake yi mini kana yaro in ka shanye nonon da na ajiye."

"To don me muka yi kwana arba'in a hanya?"

"Don ina so in ji teku kafin in mutu. Kuma don na gaji da jin ƙamshin mutumin da ya shekara ashirin a kan buzu ɗaya." Ta matse bakin mayafinta. "Amma ba zan ɓoye maka ba, da na zuba ruwan nan sai da zuciyata ta ce, wa ya sani, ko yaron nan ya yi gaskiya sau ɗaya bisa kuskure."

Wannan maganar ta fi ruwan rijiyar ɗaci.

Tabawa na tsaye da guga a hannu. Ta ce, "Nomau. Nomau ɗan Barmo." Ta dube ni sama da ƙasa. "Dama na yi mamaki. Ina karanto littafin a jirgi, kana amai, amma leɓɓanka na bin karatun. Tashi, Malam Tanko, tulunka na jira."

Sarkin Ruwa, shugaban gundumar, dattijo ne siriri, na same shi a ƙofar gidansa yana ɗinkin taru. Kafin a gama gaisuwa rabin tsibirin ya taru. Aka kawo tulun. Na sha moɗa ɗaya, na sha ta biyu, a ta uku idanuna suka kawo ruwa, mata suka fara guɗa. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ya isa, kada ku kashe shi, muna da aiki da shi. Malam, kunkurunka da dutsenka ba su dame mu ba, har kifi muke sayarwa a kansu. Abu ɗaya ne ya hana mu barci. Sarkin Gaɓa, wanda muke ƙarƙashinsa, zai haƙa babbar magudana, ya ce kowace gunduma ta ba da mutum ɗaya cikin goma. Aka buɗe littafinka aka ga dubu goma sha biyu. An ce mu kawo majiya ƙarfi dubu da ɗari biyu. Malam, in ka tara mu duka, da jarirai da tsofaffi, ka ƙara da awaki, ban ce mun kai ba. Sau biyu na aika a gaya masa, aka ce ɓoye mutane nake, ai malami ya rubuta. Jakadansa na zuwa nan da kwana tara. In bai sami adadin ba, zai kwashe duk namijin da ya iya ɗaga filafili, a tsakiyar kakar kifi. Wa zai ciyar da sauran?"

Na dubi fuskokinsu, na ga ba wanda ke dariya yanzu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me zan yi?"

"Alƙalamin da ya ɗaure mu shi zai kwance mu. Ka taka tsibiran nan uku da ƙafarka, gida-gida, ka ƙirga mu. Ka rubuta, ka buga hatiminka, ka faɗa a gaban jakada da bakinka. In ka ƙi, kai za mu ba shi a madadin dubu da ɗari biyun, ka haƙa rabonsu."

Mutanen Shantu ba sa yarda a nuna su da yatsa a ƙirga, suna cewa haka ake ƙirga kifin da ya mutu. Saboda haka aka shirya kowane mai rai ya kawo ƙwanson katantanwa guda ɗaya, uwa ta kawo na jaririnta. Yaya ta ce ita za ta riƙa karɓa tana zurawa a igiya, tunda hannunta bai makance ba. Ni kuwa in rubuta sunan gida da na unguwa.

Haka muka fara. Kwana huɗu a Babban Shantu, ƙafafuna suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi. Yaya ta kafa mini doka: duk inda muka tsaya sai in faɗa mata abin da ke gabanmu, kuma in ta ji na ƙara gishiri sai ta murɗe mini kunne. Da muka isa ramukan da ake shanya ruwan teku, rana na gangarawa, na ce mata, "Fili ne fari fat, an yanka shi gida-gida kamar gonar albasa, rana ta zuba masa ja-ja, mata na tafe a kan iyakokin da kwanduna a ka, inuwarsu a cikin ruwa." Na tsaya ina jiran murɗa.

Ta tambayi Tabawa, "Haka ne?"

Tabawa ta ce, "Haka ne, Yaya. Har ya rage."

Yaya ta ce, "To ka ga. Ga abin kallo a ajiye, kai kana can kana ƙera kunkuru."

A Ƙaramin Shantu muka ga tsuntsaye farare masu jan baki, dubbai, sun rufe gaɓa har ba a ganin yashi, in suka tashi gaba ɗaya sai rana ta dushe. A nan ne kuma wani dattijo mai farin gemu ya zo ya sa katantanwarsa a tafin Yaya, ya yi ɗan tari, ya ce sunansa Audu. Na ɗaga alƙalami zan rubuta.

Yaya ta ce, "Dakata. Wannan tarin na san shi. Ran Lahadi a unguwar masu gishiri sunanka Makau. Shekaranjiya a bakin kunkuru sunanka Sambo. Yau kuma Audu?"

Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da gemu. Tabawa ta dafe ciki tana dariya. Ta ce Makau ne sunansa na gaskiya, masassaƙin jirage ne, matarsa ta rasu shekara bakwai, kuma duk tsibiran an san shi da wannan tarin na ƙurar itace.

Na ce, "Baba, mutane nake ƙoƙarin ragewa, kai kana ƙara mini? Kuma a littafina na ce ba mai tari a ƙasar nan."

Ya ce, "Ai shi ya sa nake yi a hankali, Malam."

Yaya ta mayar masa da katantanwa biyu, ta ce kada ta sake jin sa a layi. Ya karɓa, ya ɗan daɗe kafin ya janye hannunsa.

Rana ta takwas saura Marfi kawai, mai gida goma sha ɗaya. Tabawa ta tafi kai wasu baƙi gaɓa, ta ce mu jira ta dawo ta kai mu a jirgi. Ni kuwa na ga ruwa ya janye, hanyar yashi ta fito shar, an kakkafa mata sanduna don nuna hanya, Marfi na can kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Na ce wa Yaya mu taka kawai, kafin azahar mun gama. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Kwana takwas na gaskiya sun sa na fara jin kaina masani.

Mun yi rabin hanya sai wani farin hazo ya taso daga teku, mai jiƙa tufa, ya rufe mu ruf. Na nemi sandar gaba na rasa. Na juya in nemi ta baya, ita ma babu. Na yi dama, na yi hagu, ina jan Yaya, har na rasa inda muka fito. Sai na ji sanyi a idon sawuna. Ruwa ne, ba ta gaba ya zo ba, ba ta baya ba, ta ko'ina yake tsattsafowa.

Na ce, "Yaya, na kashe mu."

Ta ce, "Ba ka gani?"

"Ko hannuna ba na gani."

"To barka da zuwa garinmu. Yi mini shiru."

Muka tsaya. Ruwa ya kai ƙwauri. Igiyoyin katantanwa na rataye a wuyanta, ran mutum ɗari takwas da wani abu, in suka nutse da mu ba wanda zai sake haɗa su kafin gobe. Na fara karanta duk addu'ar da na sani. Ta dunguri haƙarƙarina ta ce in karanta a zuci. Ta karkata kai, ta daɗe. Can sai ta ɗaga yatsa.

Ni ban ji komai ba sai ruwa. Ta ce, "Ga shi can. Tari." Ta cika ƙirji ta ƙwala kira da muryar da ban san tana da ita ba. "Makau! In kai ne, kada ka daina! Yi ta tari!"

Daga nesa, ta inda ni na rantse teku ce, wata 'yar murya ta amsa, sa'an nan tari ya biyo, ƙoƙ, ƙoƙ, ƙoƙ. Ashe tun da safe ya riga mu ƙetarewa, yana zaune a gaɓar Marfi da katantanwa ta huɗu.

Ruwa ya kai cinya, yana jan zanenta. Na durƙusa na ce ta hau. Na ɗaga ta a kafaɗuna, matar da ta goye ni shekara uku, na ji ba ta fi damin gero nauyi ba. Ta kama kunnuwana biyu. In ta ja na dama in yi dama, in ta ja na hagu in yi hagu. Ruwa ya kai cibiya, ya kai ƙirji. Sau ɗaya ƙafata ta zurma rami na sha ruwa, ta ja kunnuwan duka biyu sama kamar za ta ɗaga ni da su. Tarin na ƙara matsowa, yana ƙara dushewa, don bawan Allah ya kusa ƙarar da maƙogwaronsa. Sai na ji yashi na tasowa a ƙarƙashin ƙafata, na ga wani farin gemu ya fito daga hazo, hannu ya kama rigata.

Muka zube a gaɓa mu uku. Makau ya buɗe baki zai yi magana, ba murya. Yaya ta laluba wuyanta ta ji igiyoyin na nan, sa'an nan ta miƙa masa tafin hannu.

Ta ce, "Kawo ta huɗun. Wannan ba ta shiga igiya, ni zan riƙe."

Mutanen Marfi suka ba mu busassun tufafi da romon kifi mai zafi. Da hazo ya washe suka kai mu wani kogo a bayan tsibirin, inda teku ke shiga ta ƙarƙashin dutse, iska ta fito ta wani rami a sama da ƙara kamar numfashin babbar dabba mai barci. Yaya ta zauna a bakinsa har la'asar, iskar na ɗaga mayafinta tana saukewa. A nan ba ta ce in faɗa mata komai ba.

Washegari jakada ya iso da jirage huɗu da dogarai. Mutum ne mai ƙiba da tsabtar tufa, da kwafin littafina a hannun hadiminsa. Aka shimfiɗa igiyoyin a gabansa, aka ƙirga sau biyu: ɗari tara da goma sha uku. Na miƙe a gaban jama'a na ce ni ne Nomau ɗan Barmo, na nuna hatimina, na ce abin da ke cikin babin nan ƙarya ne, ban taɓa ganin tsibiran ba sai bana.

Jakada ya ce, "Malami kamarka? Ko dai sun tsorata ka ne? Ta yaya zan san yau ne kake gaskiya ba da can ba?"

Sai Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, littafin na hannunka. Mu je ka ga kunkurun."

Aka ɗunguma. Hadimi ya karanta siffar kunkurun da ƙarfi, da rumfunansa ɗari da mahautansa da 'yan koli. Jakada ya dubi dutsen, ya dubi tsohuwa mai kifi, ya zaga ta baya ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Tsohuwar ta ce, "A hankali, ranka ya daɗe, kada ka tashe shi." Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa. Sai da ya zauna a kan ƙafar kunkurun don dariya. Da aka ba shi ruwan rijiyar zuma ya kurɓa, ya tofar, ya ce a kawo takarda.

Aka yanke mutum casa'in da ɗaya, su ma sai bayan kakar kifi, kashi uku, kowane kashi wata guda. Na rubuta adadin da hannuna, na buga hatimi, jakada ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Mata suka yi guɗa, Sarkin Ruwa ya sa aka zubar da ragowar ruwan tulun. Na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba ko ranar da aka fara yabon littafina. Na rubuta abu, kuma haka yake.

Jiragen jakada na barin gaɓa na koma wurin Yaya na ce ta fara shiri, akwai ayarin da zai tashi jibi. Na same ta zaune a kan wani jirgi da ba a gama sassaƙawa ba, Makau na gefe yana fiƙe wani abu da bai buƙatar fiƙewa.

Ta ce, "Ka gaida gida. Makau ya je wurin Sarkin Ruwa da safe, da hannu ya nuna yana neman aurena, shi kuma ya ce a tambayi waliyyina. Na duba duk dangi ban ga wani namiji kusa ba sai kai, haka nan za a yi haƙuri."

Na dubi Makau. Muryarsa ba ta dawo ba tukuna, ya dai ɗaga mini hannu biyu.

Na ce, "Yaya, a shekarunki? A tsibirin da ba ki taɓa gani ba?"

"Kai da ka rubuta shafi tara a kansa ba ka gani ba, ni ce ba zan iya zama a kansa ba? Ka amince ko sai na kama kunnen?"

Na ce na amince.

Ta ce, "Madalla. To yanzu mutanen Shantu nawa ne?"

Na ce, "Ɗari tara da goma sha..." Na tsaya. Na juya na dubi teku. Jirgin jakada ya yi nisan jifa biyu, da takardata a aljihunsa, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba.

Na tattare riga na zura da gudu. Na ratsa masu shanyar taru, na tsallake akuya, na faɗa ruwa har gwiwa, har ƙugu, ni da ko kududdufi ba na kusanta, ina ɗaga hannu ina ihu, "Ranka ya daɗe! A ƙara ɗaya! Sha huɗu ne! A ƙara ɗaya!" A bayana duk gaɓar ta ɗauki dariya, kuma a cikin dariyar ina jin ta Yaya, ta fi ta kowa ƙarfi.

Jakada ya juyo da jirgi, aka gyara. Aka ɗaura aure ran Juma'a, na yi waliyyi da rigar aro.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ya ku masu sauraro. Wanda ya yi shakka, hanya kwana arba'in ce, kuma Tabawa na nan a bakin gaɓa da jirginta. Allah ya sa mu tashi lafiya.